Ranar da Na Mulmule Karatun 'Yata

Ba zan taɓa mantawa da furar da na ɗauka daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ba. Ko da zan so in manta, faccalata Hajiya Kande, matar yayan mijina, tana nan da ranta da lafiyarta, kuma ita ba ta san mantuwa ba. Duk bikin da muka haɗu sai ta tayar da maganar, ta ƙara mata gishiri. Shi ya sa na ce gara in rubuta da hannuna yadda abin ya faru, tun ba ta gama mayar da ni tatsuniya ba.

Bari in fara da abin da na iya, don kada ku ɗauka ban iya komai ba. Na iya fura. A Kiyako na tashi, a hannun kakata, tsohuwar da take duba curi kamar yadda ungozoma ke duba jariri. In curinki ya fito da ƙusumbi, ko ya yi gefe guda, ba za ta yi miki faɗa ba. Ɗauka za ta yi ta ajiye shi a bakin faifai shi kaɗai, yadda duk mai shigowa zai tambayi na wace ce. Takan ce yarinyar da curinta ya karkace, uwarta za a tambaya. Da wannan magana na girma. Har gobe in na cura fura, kai ɗaya suke fitowa, babu babba babu ƙarami.

Abu na biyu kuma, Ummi. Ita ce 'yata ta fari, kuma sunan surukata aka sa mata, kun ga kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya. (Ummin ma da nake rubutawa ba sunanta na yanka ba ne. Wancan ko a takarda ba zan iya ba.) Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari. Ba kya kiran sunansa, ba kya yabonsa a gaban mutane, ba kya zama ki ce ya ba ki labari. Ba ƙi ba ne, Allah Ya sani. In zan ba ta abinci sai in ce wa bango, "A zo a ɗauka." Ita ma in tana son wani abu sai ta ce, "Inna, a ba ni kaza." Haka muka yi ta zamanmu lafiya, kamar maƙwabta masu mutunci.

Shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ba mu Jigawa, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu, na shiga. Ummi tana firamare lokacin. Da yamma mukan zauna a tabarma ɗaya, ni da littafina ita da nata, kowa ya ba kowa baya. Sau nawa harafi ya gagare ni, na san amsar tana nan a bayana, amma in tambaya? Gara in yafa mayafi in taka har gidan malamarmu.

Ni na tsaya a karanta wasiƙa da takardar asibiti. Ita kuwa ta yi ta tafiya, sakandare, jami'a, digiri na biyu, har ta shiga na uku, tana yi tana koyarwa. Kimiyyar fiziks take yi, ɓangaren nukiliya. Wannan ma a bakin ƙanwarta na ji. In ta zo hutu tana yi wa ƙannenta bayani a tsakar gida, nakan ji daga madafa ana cewa zarra, zarra, sai in ƙara wuta in ci gaba da tuƙina. Karatun ɗan fari ba na kunnen uwa ba ne.

Sai ga takarda daga wata ƙasar Turai. An gayyace ta ta je wata shida a wani wurin bincike mai babban inji, wanda babu irinsa a nan, kuma in ba ta je ba aikin digirin ba zai kammala ba. Saura mako guda lokacin amsawa ya wuce. Mahaifinta ya rasu (Allah Ya jiƙansa), magana ta koma hannun yayansa, Baffa Sale na Gwaram, mijin Hajiya Kande. Baffa ɗan kasuwar hatsi ne, a bakin buhu ya tsufa. Mutum ne mai raha, amma in ya ce a'a, ko liman ba ya koma masa. Shi kuma nukiliya a rediyo kawai yake jin ta, kuma bai taɓa jin an ambace ta a labarin alheri ba.

Ya aiko da saƙo. Ya ce, "Ni ban hana karatu ba. Amma ba na sa albarka a buhun da ban ga cikinsa ba. Ran Asabar akwai sunan jikata. Ta zo ta yi mini bayani da Hausa, irin wadda ake ciniki da ita. In na gane, ta tafi. In ban gane ba, ta zauna ta ci gaba da koyarwarta, ba abin kunya ba ne."

Ran Asabar da safe ina kirɓa furar da zan kai wa mai jego, sai Ummi ta zo ta durƙusa gefen turmi.

"Inna, a sam mini kaɗan."

Ban ɗago ba, na gutsuro mata dunƙule mai kauri na tura. Ta shige ɗaki, ta fi awa guda a ciki. Da ta fito, faifai ne a hannunta, ta kifa masa babbar ƙwarya. Ta ajiye a kan benci a rumfa, ta ce tana kallon igiyar shanya, "Wannan na Baffa ne. A kula da shi, zan je a buga mini kwafin takardar in dawo."

Na Baffa ne. Ni dai abin da na ji ke nan, raina kuwa ya yi fari. Na ce yarinya ta yi hankali, ta san ba a zuwa roƙon babba hannu rabbana. Tana fita na ce bari in leƙa in ga hannun.

Na ɗaga ƙwaryar. Na mayar. Na sake ɗagawa, ko idona ne.

Bakwai ne. Biyu kawai za a iya kira curi, su ma da kawaici. Ɗaya ya yi kamar ƙwan agwagwa. Na kusa da shi ya fi shi tsawo, kamar dabino. Ɗaya a baje, kamar wainar da aka zauna a kai. Ɗaya gindi babba kai ƙarami, kamar gwanda. Na ƙarshen shi ya gama da ni: ɗan ƙaramin curi ne, an soka masa tsinken tsintsiya har biyu, a kan kowane tsinke an maƙala ɗan gutsuren fura kamar ƙwayar wake, can nesa da uwar. Tsinken tsintsiya, a cikin abincin yayan miji.

Ina tsaye sai ga Hajiya Kande a idona, ta karɓi faifan nan a tsakiyar matan Gwaram, ta buɗe. Na ji irin shirun da za a yi. Na ji wata ta ce, "Ai 'yar boko ce," wata ta amsa, "Uwar fa?" Sai tausayin yarinyar ya kama ni. Shekara ashirin tana riƙe da biro, ina za ta iya? Laifina ne da ban zaunar da ita bakin turmi ba.

Wata uwar da sai ta jira 'yarta ta dawo, ta ce, "Ke, mene ne wannan?" Shi ke nan an gama. Ni kuwa na je na wanke hannu.

Minti goma bai cika ba. Na zare tsinkunan na jefa a murhu. 'Yan gutsattsarin nan biyu na mayar da su jikin uwarsu, na ƙara masa daga tawa furar don ya kamo 'yan'uwansa. Dabinon na lanƙwasa shi, wainar na tattaro ta, gwandar na gyara mata zama. Har biyun nan masu dama-dama ban ƙyale ba. Na barbaɗa gari, na jera, na kifa ƙwarya, na ɗaure da sabon ɗankwali. (In gaya muku gaskiya, ban taɓa yin curi mai kyan na ran nan ba. Da zuciya ɗaya na yi shi.)

Ummi ta dawo ta ga ɗauri.

"An ɗaure?"

"An ɗaure."

A mota a cinyata na ɗora shi. Duk ramin da muka faɗa sai ta waiwayo. Can ta kasa daurewa ta ce, "Inna, a ɗan tallafe, kada su sauya kama." Na ce a raina, 'yar nan, ai sun riga sun sauya, sai godiya. Har na fara shirya yadda zan kau da kai in ta buɗe ta ga rufin asirin da aka yi mata, don kada ta ji nauyin gode mini.

Mun isa Gwaram an daɗe da raɗa suna, maza sun watse, gida ya cika da mata. Na miƙa tawa furar a ɗakin mai jego. Ummi ta karɓi nata faifan ta riƙe, ko Hajiya Kande ta hana. Bayan azahar Baffa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsakar gida, ya kira, "Uwata, zo mu yi cinikinmu." (Uwata yake ce mata, saboda sunan. Ni kuwa Amarya yake ce mini tun ranar da aka kawo ni gidan ƙaninsa, ga ni yanzu da furfura.) Labari ya riga ya zaga, mata suka baro ɗakuna suka yi layi a jikin bango. Ni na samu bayan wata mai jiki na zauna.

Baffa ya ce, "Fara gaya mini, bam za ki je koyo?"

"A'a, Baffa. Abin da muke harbawa ko ruwan shayinka ba zai tafasa ba."

"To, madalla. Ina ji."

Ta ce duk abin da ido ke gani, da buhu da geron ciki da mai buhun, an gina su da ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira zarra. Baffa ya gyaɗa kai, ya ce zarra kam ya san ta a karatu. Ta ce kowace zarra tana da ƙwallo a tsakiyarta, kamar ƙwallon goruba, kusan duk nauyin a nan yake, kuma wannan ƙwallon shi ne aikinta.

"In mutum ya zana shi, zagaye yake zanawa," in ji ta. "Amma ba duka suke haka ba, Baffa. Wasu dogaye ne."

Na tuna dabinon da na lanƙwasa.

"Wasu a baje suke."

Na tuna wainar da na tattaro.

"Wani ma gefe ɗaya ya fi gefe ɗaya girma. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai ban mamaki, 'ya'yansa biyu can nesa da shi suke yawo. Shi zan je dubawa. Na san baki ba zai isa ba, shi ya sa na cura maka su, ka gani da idonka."

Ta kwance ɗankwalin. Na so in yi tari, ko in suma, ko akuya ta shigo a guje. Babu wanda ya samu. Ta ɗaga ƙwaryar.

Bakwai, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ƙyalli suke da gari.

Ummi ta dubi faifan. Ta leƙa cikin ƙwaryar, kamar nata sun maƙale a can. Sannan ta ɗago ta neme ni a cikin mata, ta same ni. Kallo ɗaya ta yi mini, ta sunkuyar da kai.

Baffa ya gyara tabarau ya matso. "Uwata, ko tsufa ne? Wanne ne dogon?"

Ya juya faifan.

"Mai 'ya'yan fa? Ko sun riga ki tafiya Turai?"

Mata suka fara ƙus-ƙus. Baffa ya koma ya jingina, fara'ar fuskarsa ta ɗan ragu. Ya ce, "Ni dai na ga duk kansu ɗaya. In haka suke, me za ki haye teku ki gani? Nan ma muna da su." Ya miƙa hannu ya jawo takalminsa.

Ummi ta ce a hankali, "Baffa, ina jin hanya ce. Motar ta yi ta jijjiga."

Nan Hajiya Kande ta taso. "Wace mota ce take mulmula fura har ta barbaɗa mata gari? A nuna mini ita, kullum in shiga." Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a haske, ta shinshina. "Wannan hannun na san shi. Shekara talatin ina shan furarsa."

Ba ta dube ni ba. Sauran matan ne suka duba mata. Mai jikin da na ɓuya a bayanta ma matsawa ta yi.

Na ga takalmi ɗaya ya shiga ƙafar Baffa. Na ga 'yata ta zaɓi ta yi wa mota ƙarya, ta rasa tafiyarta, da ta ce uwarta ce. Sai na ji wata murya daga cikin mayafina ta ce, "Ni ce."

"Amarya, magana kika yi?"

"Na ce ni na gyara."

"Kika gyara me?"

"Na ga sun karkace ne, Yaya. Na ɗauka tsaraba ce. Na ce kada a ce ba ta iya ba."

"Kin tambaye ta?"

Hajiya Kande ce ta amsa a madadina: "Ta tambayi wa? 'Yar fari? Ai ko gobara ce ta kama zanen Ummi, sai dai ta ce wa bango a duba wuta."

Gidan ya ɗauka. Har mai jego sai da ta leƙo ta taga da jaririya a hannu. Baffa ya yi dariya har ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Yana share ido yana cewa, "Masana sun ƙare ƙuruciyarsu kafin su gano abin nan a karkace yake. Amarya ta miƙe shi kafin shayi ya huce." Na dubi ƙasar tsakar gidan ko za ta tsage in shige, ashe Baffa ya sa an yi mata siminti.

Da dariya ta lafa, ya mayar da hularsa. Ya ce, "Dariya dai mun yi, amma ni har yanzu ban gane ba, kuma maganata tana nan. Sai dai a kasuwa wanda ya zubar shi ke kwashewa. Amarya, matso tabarma. Ke kika gyara, ke za ki ɓata."

Ku dubi wannan hukunci. In zauna a tabarma ɗaya da yayan mijina, fuska da fuska da 'yata ta fari, ita tana ba da umarni ni ina bi, matan Gwaram suna kallo. Na taso na zauna. Aka kawo ruwa na wanke hannu, karo na biyu a kan fura ɗaya.

Ummi ta ce, tana kallon faifai, "Inna, a ja wannan."

Na ja. Ina saki, tafin hannuna ya mayar da shi zagaye, ban ma sani ba. Mata suka sake fashewa.

"A ja, a bar shi a haka."

Na sake ja, na danne zuciyata. Na ɗaga mata shi. "Haka?"

"A ƙara kaɗan."

"Haka?"

"Yawwa, Inna."

(Ban san ko wani ya lura ba, amma tun da na haife ta ban taɓa tambayarta abu ta koya mini ba sai wannan "haka" ɗin.)

Na yi ƙwan agwagwa, na yi dabino, na baje waina, na yi gwanda. Hajiya Kande da kanta ta karyo tsinken tsintsiya, ta miƙo mini da hannu biyu kamar mai ba da kyautar goro. Na rage curin ƙarshe, na soka tsinkuna, na maƙala 'yan ƙwayoyin nan biyu a can nesa. Kakata tana kabari, Allah Ya sa ba ta gani ba.

Baffa ya cire takalmin da ya sa. Ya ce, "To, na ga kamanninsu. Amma kin ce ido ba ya ganinsu. Mu in muna son sanin cikin buhu, ƙarfe muke soka masa, ya fito da ƙwaya mu duba. Ku da me kuke sokawa?"

Ta ce, "Mu baƙi muke haɗa shi da su. Inna, a yi mini ƙanana biyu, a manne su."

Na yi. Ta ɗaga su. Ta ce ƙwallon zarra iri biyu ne suka taru a cikinsa, furoton da nutiron, kuma akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta da komai sai ɗaya na wannan ɗaya na wancan, riƙe da juna sako-sako. In aka sa suka gifta juna da ƙwallon da gudu, wani lokaci sai ya fizge nutiron ɗin ya riƙe, furoton ya wuce shi kaɗai. Ta ciro ɗaya ta manna a jikin dabinon, ɗayan ta wuce da shi gefe.

"Wanda ya shiga ba ma ganinsa, Baffa. Wanda ya wuce muke tarewa. Mu auna ta wane gefe ya fita, da wane gudu. In aka yi ta maimaitawa, sau ba adadi, daga nan muke gane inda wancan ya samu wurin zama a ciki, da irin ginin gidan da ya shiga."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Kamar 'yar rakiyar amarya ke nan. Ta kai ta, ta dawo da labarin ɗaki."

Kowa ya juyo. Na ja mayafi. Ummi ta yi ɗan murmushi ta ce, "Kusan haka, Inna. Sai dai tamu 'yar rakiyar ba ta magana. Tafiyarta kawai muke kallo."

"To wannan ba 'yar Gwaram ba ce," in ji Hajiya Kande.

Baffa bai yi dariya ba wannan karon, hankalinsa yana kan mai tsinkunan. Ya ɗauke shi a hankali ya ɗora a tafin hannu. "Wannan fa?"

Ta ce tsinken don nuni ne kawai, a gaskiya babu igiya babu sanda. Nutiron biyu ne da aka riƙe su da ɗan ƙarfi kaɗan, har yawancin lokaci a waje suke, nesa, ta kowane gefe, kamar zoben hasken nan da ke kewaye wata, wanda tsofaffi ke cewa wata ya yi sansani. Ƙwallon ɗan mitsitsi ne, amma saboda su yana cin fili kamar manya masu nauyi. Abin mamakin kuma, in aka ɗauke ɗaya, ɗayan ma ba ya zama.

"To a kawo miki shi nan mana. Me zai hana a sa shi a kwalba?"

"Ba ya kai ƙiftawar ido yake rushewa, Baffa. Ba a haƙo shi, ba a ajiye shi. Injin ne ke haifar da shi, a nan take a yi awon. Dole mai awo ya je inda injin yake."

"Amfaninsa?"

Ta ce, "Ba zan ce maka nawa aikin zai warkar da wani gobe ba. Irin wannan sanin ne ya haifi wasu na'urorin asibiti, amma waɗanda suka fara ba su san can za a kai ba. Ni dai so nake in san yadda Allah Ya gina abin, da yadda riƙo kaɗan haka yake riƙewa."

Baffa ya daɗe yana juya abin nan a hannunsa. Ya taɓa ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin da yatsa, tsinken ya yi lilo.

"Waɗannan na wajen, baƙi ne ko 'yan gida?"

"'Yan gida ne, Baffa."

"Duk nisan nan?"

"Duk nisan nan."

Ya ajiye shi a faifai, a hankali yadda ba zai karye ba. Ya ce, "To. Ki amsa musu, Uwata. Allah Ya tsare, Ya ba da abin da aka je nema."

Wata ta rangaɗa guɗa daga bayan gida. Ummi ta durƙusa tana godiya. Ni na sunkuya ina ta kakkaɓe garin da babu shi a zanena.

"Sharaɗi ɗaya," in ji Baffa. "In za ki haɗa kaya, a kulle Amarya a ɗaki. Kada ki isa can ki tarar an gyara miki lissafi."

Hajiya Kande ta tambaya ko a dama furar. Baffa ya ce a dama sauran, mai tsinkunan a bar masa, zai kai majalisa ya yi wa abokansa bayani. (Na ji an ce ya yi, kuma an ce bayanin nasa ya fi kama da rabon gado. Amma wannan ba ni na gani ba.)

A motar komawa ni da Ummi kujera ɗaya muka zauna. Mun kusa Birnin Kudu sai na ji kafaɗarta tana girgiza. Na ɗauka kuka ne. Na saci kallo, ashe dariya take dannewa da bakin mayafi. Na so in ɗaure fuska, ban iya ba. Haka muka shigo tasha, uwa da 'yar fari, kowa ya juya wa tagarsa yana dariya, kwandasta yana tambaya ko lafiya.

Ta je, ta yi wata shidanta, ta dawo. Sunanta dai har yau ban kira ba, kuma ba zan kira ba, wannan tare za a binne mu. Amma na gane kunya ba ta hana tambaya sai in ke kika so, kuma ba duk abin da ya karkace ne yake jiran hannuna ba. Wani haka aka halicce shi, wani kuma da gangan aka karkata shi, mai shi ya fi ni sanin dalili.

Rannan za mu biki, na ga ƙanwarta ta ɗaura ɗankwali ya zamo gefe guda, ya kusa rufe mata ido. Hannuna har ya tashi, na mayar da shi. Na ce, "Ke, wannan kimiyya ce, ko in gyara?"

Ta ce yayi ne.

Na bar shi. Amma har muka isa gidan bikin ban dubi ɓangarenta ba.